Yadi Biyun Koci Pruska

Ranar da Koci Wendell Pruska ya rasu, matarsa Mis Nadine ta roƙe ni abu ɗaya. Ta ce yaran nan shida da suka buga masa kakar wasansa ta ƙarshe, su take so su ɗauki akwatin gawarsa. Kafin azahar na samu biyar a waya, kowa ya ce to. Na shidan ɗana ne, Ruben, yana aiki a rijiyoyin mai wajen Odessa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mama, ki nemo wani." Ya ajiye wayar.

Ni ce mai kula da allon maki a filin makarantar Orlena tun Ruben yana goye, don haka na san lissafin Koci fiye da yadda shi ya san shi. Shekara talatin da ɗaya, ya ci wasa ɗari da arba'in da takwas, an ci shi ɗari da sittin. Bai taɓa kai mu gasar jiha ba. Shi ke tuƙa motar makaranta, shi ke koyar da tarihi, shi ke zana layukan fili da farar ƙasa, shi ke jan bututun ban-ruwa kullum da safe don kada ciyawar ta mutu. Kayan wasan yara kuwa a injin wankin Mis Nadine ake wanke su, har injin uku suka mutu a kan haka.

Garinmu bai kai mutum ɗari huɗu ba, yaran sakandare ba su isa a fitar da sha ɗaya ba, shi ya sa muke buga ƙwallon Amurka na mutum shida-shida kamar sauran ƙananan garuruwan yammacin Texas. Wasan yana da gudu, maki na zuba kamar ruwa, duk wanda ya rungumi ƙwallo ya tsallake layin ƙarshe ya kawo shida. Akwai kuma doka: daga hutun rabin lokaci zuwa sama, da zarar wani ya ba wani tazarar maki arba'in da biyar, alƙali zai busa, wasa ya ƙare, kowa ya kama hanyar gida. Kowane koci burinsa ke nan, ya sallami abokin karawa da wuri. Ban da namu. In tazara ta kusa arba'in sai ya fitar da gwanayen ya zuba ƙanana, ko ya ce a riƙa fita gefe da ƙwallo, har agogo ya cinye kansa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kowa ya sha jinsa. Lokacin ƙwallo shi ne lokacin gurzar auduga, injin ba ya tsayawa, masu aikin ba sa tashi sai rana ta faɗi. Mahaifin Koci a gidan gurza ya yi rayuwarsa. Sau ɗaya tak ya samu ya je kallon wasan ɗansa lokacin yana ɗalibi, ya yi doguwar tafiya da ƙurar auduga a gashin gira, ya iso ya tarar ana kashe fitilun fili. An sallame su tun a hutu. Tun daga nan Koci ya ɗauka cewa duk wanda yake kan hanya yana da haƙƙin ya tarar da wasa.

Mutanen gari sun gaji da wannan hali. A shagon kofi na bakin titi Fasto suke kiransa. Hoyt Gandy, wani tsohon manomi mai baki kamar reza, ya taɓa tare shi ya ce, "Wendell, ƙwallo muka ɗauke ka ka koyar. Wa'azi muna da mai yi ranar Lahadi, kuma shi ma ya ishe mu."

Koci ya kurɓi kofinsa ya ce, "Hoyt, da kai ne a filin da na sa an gama da wuri, don kada matarka ta ga gudunka."

Aka yi dariya, Hoyt ya biya kofin, babu abin da ya sauya.

Kakarsa ta ƙarshe ya shige ta da ciwon daji a ciki. Wandonsa ya yi masa yawa har Mis Nadine ta ƙara wa bel ɗinsa huda biyu. Ita ce kuma kakar da ya samu yaran da bai taɓa samun irinsu ba, da Ruben a matsayin mai jefa ƙwallo, shekararsa ta ƙarshe a makaranta. Muka zo wasan ƙarshe garuruwa uku har da namu sun yi kunnen doki, sai a tazarar maki za a raba gardama. Na zauna na lissafa, na sake lissafawa, na kai masa har gida: in muka ci 'yan garin Sand Fork da tazarar arba'in da biyu, mun shiga gasar jiha. Ya ce ya ji, ya tambaye ni ko an gyara ƙwan fitilar allon da ya mutu.

Sand Fork da yara bakwai suka zo, ɗaya da ɗaurin hannu. Bencinsu na 'yan kallo kusan wayam, mata ne da tsofaffi. Da aka dawo daga hutu muna gaba da arba'in cif. Tsallakawa ɗaya ta rage: arba'in da shida, alƙali ya busa, mu wuce. Na riga na ɗora yatsana a kan maɓallin allon.

Daga sama inda nake zaune ana hango titin Sand Fork, miƙaƙƙe kamar zare. Can nesa sai ga fitilun a-kori-kura a jere, guda biyar, masu gurza sun tashi aiki. Na ga Koci ya juya ya kalli titin. Ya nemi a tsayar da wasa, ya kira Ruben gefe. Daga baya na ji abin da ya ce masa: a riƙe ƙwallo, a ja lokaci, in ya rage minti ɗaya sai a tsallaka. Ta haka kowa zai samu nasa.

Ana komawa, hanya ta buɗe wa Ruben ba tare da ya nema ba. Ya ruga, babu kowa a gabansa, bencinmu duk an miƙe tsaye. Yadi biyu ya rage masa ya kai layin ƙarshe sai ya karkata ya fita gefe. Ya tsaya a wajen layi da ƙwallon a ƙirji yana kallon Koci. Wani a bayan Hoyt ya jefar da hularsa.

Motocin suka iso, maza suka sauko da fararen gira, suka jeru a jikin wayar shingen fili suna kiran sunayen 'ya'yansu. Yaran Sand Fork da suka ji muryoyin iyayensu sai suka zama wasu mutane daban. Da minti na ƙarshe ya zo muka nemi tsallakawar, suka tare mu sau uku. A na huɗu, damarmu ta ƙarshe, ƙwallon ya suɓuce daga hannun Ruben, wani siririn yaro ya faɗa a kansa. Muka ci da arba'in. Ni na kashe allon da hannuna.

Koci ya je ɗakin sauya kaya ya ce wa yaran lissafinsa ne ya ɓaci, ba nasu ba. Bai ce ya yi nadama ba, kuma ban taɓa jin ya faɗa ba har ya mutu. Ruben ya ajiye hular kwanonsa a ƙofa ya fita. Bai sake yi masa magana ba, ko a aji. Da ya gama makaranta ya tafi rijiyoyin mai. Koci ya ƙara shekara guda da 'yan watanni yana ramewa a kujerar baranda, kuma duk sanda na kai musu miya sai ya tambaye ni yaron yana cin abinci kuwa.

Ranar jana'iza majami'ar ta cika har waje. Na ƙirga faranti sittin da uku na abinci a ɗakin baya, sha huɗu daga Sand Fork. Na buga wa Ruben da safe bai ɗauka ba. Aka gama addu'a, yara biyar suka tsaya a jikin akwatin, hannunsa ɗaya babu mai kamawa. Hoyt ya cire hula ya matso zai kama.

Mis Nadine ta ce, "Hoyt, koma ka zauna."

Faston majami'ar ya sunkuya ya raɗa mata cewa masu haƙa kabari suna jira, iska kuma tana ƙaruwa. Ni ma na matsa na gaya mata gaskiya, yaron ya ce ba zai zo ba, kuma ban san ko ya taso ba.

Ta ce, "Ofelia, shekara talatin da ɗaya ina jira a mota saboda mutumin nan ba ya rufe abu kafin na kan hanya ya iso. Ba yau zan fara ba."

Muka zauna. Jarirai suka fara kuka, aka fita da su. Mai fiyano ta maimaita waƙoƙinta har suka ƙare, ta ɗora hannu a cinya. Wasu daga baya suka sulale suka tafi, ban ga laifinsu ba. Ni dai idona yana kan taga, kunya da tsoro sun hana ni kallon Mis Nadine.

Sai ga Ruben ya shigo da kayan aiki a jikinsa, takalminsa duk baƙin mai. Bai gaida kowa ba. Ya wuce ta tsakiyar mutane ya kama hannun da ya rage, su shida suka ɗaga. Na ga ya ɗan yi turus, don akwatin ba shi da nauyin da ya zata.

Bayan an rufe kabari na same shi a jikin motarsa. Na ce ya zo ya ci wani abu kafin ya koma, ya girgiza kai. Yana kallon wajen fili, inda bututun ban-ruwa ke zube tun kaka ba wanda ya ja shi.

"Yadi biyu, Mama," ya ce. "Har yanzu ban ce ya yi daidai ba."

Na ce na sani. Ya shafa fuskarsa da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu, ya shiga mota. Aikinsa na farawa da asuba.