Murfin da Na Jefa a Gabanka, Badamasi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, ina zaune a zaure ina fama da rediyon da ta ƙi kama tasha, sai na jiyo salatin matata Ummussalma daga cikin gida. Ban tambaya ba, na san kai ne. Allah ya karɓi ran Badamasi Mai Balangu, yayan matata kuma abokina tun muna yara, bayan jinyar ciwon ƙirji ta wata biyu. Ya rasu yana da shekara sittin da uku, aka yi masa sutura bayan Azahar a nan Haɗeja.

Na tsaya a sahun gaba, na kama makara, na zuba ƙasa, kamar mutumin da ba shi da abin jin kunya. Alhali kusan shekara biyar rabon da mu zauna tabarma ɗaya, Badamasi, kuma har ka bar duniya ban buɗe baki na ce ka yafe mini ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwa bayan La'asar ya san tukubarka. Masu yankan shinkafa in sun taso daga fadama, ƙafa duk taɓo, nan suke fara tsayawa. Masuntan Kirikasamma in sun sauke kifi, wurinka suke zuwa, wai su wanke bakinsu daga ƙarni. Ɗanɗanon da kake yanka wa mutum kafin ya saya, wani da shi kaɗai yake tafiya gida, kuma kana sane, sai ka kau da kai kana gyara wuta. Akwai wata tsohuwa mai taɓin hankali da ake kira Iya, wadda kowa ke kora daga rumfarsa. Kai kuwa yankan farko nata ne kullum, a takarda mai tsabta, da albasa da yaji, ka miƙa mata da hannu biyu. Ranar Babbar Salla ba ka buɗe sana'a. Wuƙarka kake ɗauka ka bi gidajen matan da mazansu suka rasu, ka feɗe, ka gasa, ka wuce gida na gaba, ko ruwa ba ka tsayawa sha.

Amma kana da taurin kai, kuma ba zan ɓoye shi don ka mutu ba. Taurin kan naka a kan abu ɗaya ya taru: ba ka rufe nama. Sauran masu gashi suna lulluɓe nasu da takarda ko su kifa masa murfi, zafi ya zagaye shi ya yi laushi har ciki. Kai kana kiran wannan dafuwa. A wurinka gashi shi ne nama a fili kan garwashin ƙirya, iska tana shiga wuta, kitse yana ɗiga yana tashi, bayan naman ya yi ja ya ƙame, cikinsa da ruwansa. Kana cewa mai gashi da ido yake aiki da kunne, wanda ya rufe wutarsa ya rufe su duka biyu. Kana kuma cewa mai saye yana da haƙƙin ganin abin da zai sa a cikinsa.

Ni kuwa duba-gari ne, aikina ke nan shekara talatin da biyu, leƙa kwata da rumfunan abinci. Na yi imani da murfi yadda ka yi imani da wuta. Shekaru muka yi muna wannan gardama a bencin tukubarka, ina ci ina kushewa. In ce ƙura, ka ce iska. In ce ƙuda, ka ce in nuna maka ƙudan da ya taɓa sauka kan garwashi. In ka gaji sai ka tura mini tsoka a gaba ka ce, “Mukhtar, ci ka yi shiru. Kai takarda ka sani, ni wuta na sani.” Mutane har zuwa suke yi don su ji mu.

Sai damunar da kogi ya fasa, ruwa ya ci gonaki ya shiga unguwanni, amai da gudawa suka biyo baya. Ofishinmu ya ba da umarni a rufe duk abincin da ake sayarwa a titi. Aka sa masu walda suka yi murafai da rabin duro, na bi su ɗaya bayan ɗaya na rubuta lamba da shuɗin fenti. Kowa ya karɓi nasa, kai ka ƙi. Ka ce naman da aka sauke za ka rufe, amma na kan wuta ba za ka rufe ba. Yau na san maganarka tana kan hanya. A ranar kuwa abokan aikina suna tsaye a bayana, an riga an fara cewa ina ɗaga wa surukina ƙafa, ni kuma na ji tsoron bakin mutane fiye da tsoron zaluntar ka. Na sa aka kwashe naman rago guda daga kan wayar gashinka, aka watsa masa kananzir a gaban jama'a. Na ɗauki murfi mai lamba goma sha bakwai na jefa a gabanka, har ya bugi yatsun ƙafarka. Ba ka zage ni ba. Ka dube ni kawai, ka sunkuya ka kashe wutarka da rana tsaka.

Daga ranar muka koma gaisuwar fatar baki. A wurin suna ko jana'iza mu miƙa wa juna kan yatsu, kowa ya nemi wurin zama nesa. Mu biyun mun san abin da addini ya ce a kan gaba, sai muka fake da wannan sallamar muka ce ai ba gaba muke ba. Ummussalma ta yi kuka, ta yi roƙo, ta gaji. Kullum ina cewa sai bayan Salla zan je, sai bayan girbi zan je. Ni ne mai laifi, ni ne kuma mai jiran a fara zuwa wurina.

Bayan na yi ritaya ciwon suga ya kama ni, haƙorana suka bi juna suna zuba. Na koma mutumin kunu da fate. Wata Juma'a, shekara biyu da suka wuce, Ummussalma ta dawo daga unguwa da ƙunshin takarda mai ɗumi. Nama ne mai kauri, an gasa shi a rufe, ya yi laushin da harshe kaɗai ya ishe shi, ƙanshin hayaƙi ya ratsa shi har tsakiya. Ta ce wurin wani Shu'ibu ta saya a bakin tasha. Tun daga nan ba Juma'ar da ƙunshin bai zo ba. Ni da na san kowane mai gashi a garin nan da sunan ubansa, ban taɓa tambayar wane Shu'ibu ba ne. Sai ma in lashe yatsu in ce mata, “In kin je gida ki gaya wa yayanki ya je ya koyi gashi wurin Shu'ibu. Ga abin da murfi ke yi.” Ita kuwa sai ta tashi ta shige ɗaki.

Da ka kwanta ciwo sau ɗaya na je duba ka, shi ma cikin ayarin mutanen masallaci. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce Allah ya sawwaƙe, ka ɗaga mini hannu, na fito. Na ji an ce likita ya hana ka kusantar hayaƙi, ɗanka Zainulabideen ya karɓi tukuba. Juma'ar ƙarshe kafin rasuwarka ƙunshin ya zo kamar kullum, amma naman bai gama nuna ba. Na ture shi gefe, na ce Shu'ibu ya fara lalacewa.

Ranar addu'ar uku ta faɗo Juma'a. Da lokacin masallaci ya matso, Zainulabideen ya shigar da ni ta bayan gidanku in yi alwala, don ƙofar gida ta cika. A gindin katanga na ga ƙaramin murhu, da kujerar roba a gabansa, da murfin rabin duro a kife a kai. Ya yi baƙi ƙirin, mariƙinsa ya sha hannu har yana ƙyalli. Ta gefe ɗaya shuɗin fenti bai gama gogewa ba. Goma sha bakwai, da rubutun hannuna.

Buta ta suɓuce mini. Na sa aka kira Ummussalma daga cikin mata, na nuna mata murfin.

Ta ce, “Malam, babu wani Shu'ibu. Ranar da na gaya wa Yaya ba ka iya tauna, ranar ya ciro murfin nan daga bayan rumbu. A nan cikin gida yake yi, don kada a gani a kasuwa. Ya rantsar da ni kada in faɗa, wai in ka sani ba za ka ci ba.”

Na tambaye ta na makon jiya fa.

Ta ce, “Shi ya yi. Matarsa Fanna ta hana shi, ya ce a ɗauko shi a ɗora kan kujera. Tari ne ya ci ƙarfinsa, aka sauke naman bai nuna ba.”

Na ce, saƙon da nake ba ta fa, na ya je ya koyi gashi? Ta ce tana isar da shi kowane mako, kana dariya har hawaye, kana cewa a bar Mukhtar ya ci gardamarsa, tunda yana cin naman.

Ya Allah, ga bawanka Badamasi ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya ciyar da masu yunwa a fili, ya ciyar da wanda ya zalunce shi a ɓoye, ka lulluɓe shi da suturarka ranar da asirai za su tonu. Ka nisanta shi da wuta, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Hajiya Fanna, da Zainulabideen da ƙannensa, da Ummussalma wadda ta ɗauki sirrin mutum biyu shekara biyu ita kaɗai, da masu gashin Haɗeja baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Na roƙi Zainulabideen murfin, ya ba ni. Yana nan jingine a zaurena, inda nake ganin sa duk lokacin da na ɗaga kai. Yau ma Juma'a ce, Ummussalma ta ajiye mini kunu tun ɗazu, ya huce ban taɓa ba. Ka yafe mini, Badamasi. Na faɗa yanzu, da babu mai amsa mini.