Ramar Da Na Kusa Kashewa Da Takin Masu Wiwi

Wallahi ko zan manta komai na zamana a Landan, ba zan manta ranar da na dawo daga makaranta na tarar da Baffana tsaye a tsakiyar ɗakina ba! Baƙar ledar shara a hannu ɗaya, tukunyar shukata a ɗaya hannun, idonsa ya yi jajur. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai dariya ta kama ni. Bari dai in koma baya kaɗan, don in na zarce daga nan ba za ku gane ba.

Lokacin ina karatu, ina zaune a flat ɗin Baffa, yayan mahaifina, kusa da Whitechapel. Sai aka kawo kakarmu daga Kano, wato mahaifiyarsu, za a yi mata aiki a ciki. Likitoci suka duba suka ce ta rame da yawa, ba za su taɓa ta ba sai ta yi ƙwari. To ƙwari daga ina, alhali Hajiya ba ta cin abinci? Matar Baffa ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ta yi farfesu, ta dama kunu, duk cokali biyu za ta yi ta ture kwanon. An riga an yi cancel ɗin ranar aikin sau ɗaya. Aka ba mu wata ranar, kusan wata uku gaba, aka ce in ba ta ƙara nauyi ba, za a sake ɗagawa. Shi kuwa ciwon ba jiran kowa yake ba.

Ni da Hajiya wasan jika da kaka muke yi. "Maigida" take ce mini, ni kuma in ce mata "amarya". Wata rana na zauna a bakin gadonta na ce, "Amarya, faɗi abin da kike so ki ci, ko a ina yake."

Ta harare ni. "Ji shi, wai miji. Mijin da ko tsinken tsire bai taɓa shigo mini da shi ba." Ta juya ta kalli taga, ta ce a hankali, "Kwaɗon rama nake marmari. Ɗanya."

Washegari na hau bas na nufi Old Kent Road, na bi shagunan 'yan Najeriya ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar na samu busasshiya a wata 'yar leda. Hajiya ta buɗe, ta shinshina, ta miƙo mini. "Wannan ai ta girme ka."

A nan ne tunanin ya faɗo mini: in ba a sayarwa, ai ana shukawa! Ku tuna fa, ni ɗan birni ne, ban taɓa riƙe fartanya ba. Kuma tsakiyar hunturu ake, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Amma na shiga intanet na ga mutane na noman kayan lambu a cikin ɗaki da fitila ta musamman, sai kaina ya ɗauki zafi. Na yi order ɗin irin rama, na sayi fitilar, da ƙasa a buhu, da tukwanen roba goma sha biyu. Na jera su a lungun ɗakina kusa da hita mai ɗumama ɗakin. Ban gaya wa kowa ba, so nake kawai in shigar mata da kwano ta ga ikon Allah.

Kwana huɗu suka tsiro. Kai, ranar har rawa na yi ni kaɗai!

Da suka ɗan tasa sai na ce saura taki. Akwai wani ɗan shago da ke sayar da kayan noman cikin ɗaki, na je na nuna wa mai shagon hoton shukar a wayata. Lokacin ganyen sama ya fara rarrabuwa kamar yatsun hannu, don irin da na samu haka yake. Mutumin ya kalli hoton, ya kalle ni, ya yi wani murmushi.

"Tumatir ne, ko?" Ya kashe mini ido.

Na ce a'a, ganyen ƙasarmu ne, don kakata nake shukawa.

"Don kakarka. Eh, kowa ma don kakarsa yake yi."

Ni ban gane ba, har godiya na yi masa. Ya jero mini kwalabe uku: ɗaya ta girma, ɗaya ta fure, ta ukun kuma wai ita ke sa furen ya cika ya yi nauyi. Na kwaso duka.

Da na dawo na shiga neman yadda ake amfani da su, sai na ga duk bayanin da ya fi tsari na masu noman wiwi ne, na ƙasashen da aka halatta musu. Ni ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba, amma na ce ai shuka shuka ce, ilimi kuma ba ruwansa da wanda ya faɗe shi. A wurinsu na koyi cewa lambobi ukun nan da ke jikin kwalbar taki kowacce da aikinta: ta farko ita ce ta ganye, sauran biyun sun fi shafar saiwa da fure da 'ya'ya. Na haddace wannan tsaf, har ina jin kaina wani malamin gona. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, ni me nake nema? Su mutanen nan fure suke bi, duk yabonsu a kan kwalbar fure yake. Ni kuwa ganye nake so. Amma na ga kwalbar da aka fi yabo, na ce ita ce babba.

Ga kuma wani kuskuren da na zo da shi tun daga gida. Tun ina yaro kukan da nake ji a bakin manoma ɗaya ne: ba taki, taki ya yi tsada, taki bai zo da wuri ba. Ban taɓa jin wanda ya ce taki ya yi masa yawa ba. Don haka a kaina, in an ce murfi ɗaya, to murfi biyu ya fi alheri. Ga lokaci yana ƙurewa. Na dinga haɗa kwalabe ukun, ina ninkawa, duk ban-ruwa sai na zuba.

Bayan mako guda bakin ganyen ya fara yin ja-ja kamar an ɗana masa ashana. Ya nannaɗe. Na ƙasa suka yi rawaya suna zubewa, saman ƙasar ya yi wani fari-fari kamar kanwa. Kun san me na yi? Na ce yunwa ce. Na ƙara.

To a cikin wannan halin ne matar Baffa ta lura da wani haske mai ruwan shuɗi da ja yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofata da rana tsaka. Ta gaya wa mijinta. Ya buɗe, ya ga fitila, ya ga ganye mai yatsu, ya ɗauki kwalba ya buga sunanta a waya, hotunan da suka fito masa kuwa ba na alayyahu ba ne.

Shi ne na shigo na same shi a tsaye. Ya riga ya juye tukwane huɗu a leda.

"A gidana?" in ji shi. "Mahaifiyata na kwance a ɗakin can, kai kana nan kana noma mini masifa? Ka san abin da zai faru da visa ɗinka? Ka san abin da zai faru da aikina? Me zan gaya wa ubanka?"

"Baffa, wallahi rama ce."

"Rama! Ni za ka koya wa rama? A Kano aka yanke mini cibiya!"

Gaskiya ne, amma ya fi shekara ashirin a ƙasar nan, kuma ko a can ɗin a kwano ya san ta, ba a gona ba. Yanzu da na girma kaɗan ba na ganin laifinsa ko ɗaya. Tsoro ne ya kama bawan Allah, ga uwa ba lafiya, ga amanar ɗan ƙani a wuyansa. Amma a lokacin ni tukwane takwas ɗin da suka rage kawai nake kallo. In ya juye su, babu sauran lokacin sake shuka kafin ranar asibiti. Na durƙusa ina roƙonsa, ya kai hannu kan ta biyar.

Sai muka ji takun silifa. Hajiya ce, tana dafa bango, matar da sai an riƙe ta take zuwa banɗaki. Ba ta kiran sunan Baffa, ɗan fari ne, sai ta ce, "Kai wannan, miƙo mini in gani."

Ta shafa karan da yatsa, ta ji ɗan ƙaiƙayin nan nasa. Ta tsinki ganye ɗaya ta sa a baki, ta tauna.

"Rama ce," ta ce. Ta dubi Baffa. "Da ita aka raine ka, amma ka gan ta a tsaye ba ka gaishe ta ba." Sannan ta juyo kaina, fuskarta a ɗaure. "Amma wane marar imani ne ya yi mata haka?"

Na kwaso kwalaben ina ta bayani, wannan ta girma ce, wannan ta fure, lamba ta farko kaza, ta biyu kaza. Ta bari na gama tas.

"Fure? Ni na ce maka fure zan ci? Rama in ta yi fure ai ta tsufa, ganyen ya yi tauri, sai dai a yi igiya da ita." Ta dangwali farin nan na saman ƙasa ta murza. "Kashin kaji ma in ɗanye ne ƙona shuka yake. Takin zamani kuwa nesa da gindi ake sa shi, ɗan kaɗan, bayan an yi ruwa. Kai ka samu jaririya kana ɗura mata tuwon dawa safe da yamma, tana kuka kana cewa yunwa ce. Allah ya tsare matar da za ka aura bayana."

Matar Baffa ce ta fara fashewa da dariya. Baffa ya ajiye ledar a hankali, ya fita.

Daga ranar gona ta koma hannun Hajiya. Ta sa na kwashe tukwanen zuwa bahon wanka, na yi ta kwarara musu ruwa zalla har ya dinga fita ta ƙasa, wai a wanke musu ciki. Ta ce kwana goma ba taki. Bayan nan kwalbar ganye kaɗai, ita ma ɗan ɗigo, sau ɗaya a mako, sauran biyun a kai su inda ba za ta gan su ba. Ta sa aka dawo da fitilar da tukwanen falo. Kullum da safe sai ta fito ta zauna a gabansu, ta cire matattun ganye, ta tsinke kan kowacce don ta yi rassa, tana yi musu magana kamar jikokinta. Kuma don ta iya fitowar, sai ta yarda ta sha shayi da ɗan burodi. Wannan ban shirya shi ba, Allah ne ya shirya.

Uku suka mutu duk da haka. Biyar suka farfaɗo, sabon ganye ya fito kore shar.

Ranar da ta ce a tsinka, Baffa ya dawo daga aiki da ƙullin ƙuli-ƙuli, ban san inda ya samo shi ba. Ya ajiye a kan tebur a gabana ya ce, "Ka daka da kyau." Iyakar ban-haƙurin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Kun san rama in an dafa. Abin da na ga ya cika roba, da aka tafasa aka matse bai fi cikin ɗan kwanon sha ba. Hajiya na zaune a ƙofar kicin tana ba da umarni: ƙuli, albasa, tumatir, gishiri, ɗan mai, barkono kaɗan saboda cikin. Aka miƙa mata. Muka tsaya mu uku muna yi kamar ba ita muke kallo ba.

Ta yi bismillah, ta kai loma ɗaya. Ta tauna ta daɗe.

"Ba ta da tsamin ta gida. Ramar da ba ta taɓa ganin rana ba, me za ta sani?"

Na ce, "To amarya, kawo in cinye abina."

"Taɓa ka gani."

Ta cinye tas, ta suɗe yatsu. Na juya na ga Baffa ya shige banɗaki, ya daɗe bai fito ba.

Ba zan ce muku rama ta warkar da ita ba, ƙarya ne. Amma daga ranar bakinta ya buɗe. Ramar ta ci gaba da tohowa, duk bayan 'yan kwanaki a samu ɗan kwano, a haɗa mata da tuwo ko shinkafa, ta ci. Da muka koma asibiti aka ɗora ta a sikeli, ba a ɗaga ranar ba. Aka yi aikin, ta tashi, ta koma Kano da ƙafarta. Sai bara Allah ya karɓi abarsa, a ɗakinta, cikin 'ya'ya da jikoki. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ni dai noman cikin ɗaki ya kama ni har yau. Yanzu ina da yakuwa, da alayyahu, da attaruhu da ke ba ni wahala, kuma in kuka bar ni sai in kwana ina yi muku surutun taki. Amma abin da na koya bai wuce biyu ba. Kafin ka sayi kwalba, tambayi kanka me za ka ci a jikin shukar, ganye ne ko 'ya'ya, don takin wani ba naka ba ne, kuma kaɗan da za ka iya ƙarawa ya fi mai yawa da ba za ka iya kwashewa ba. Na biyun shi ya fi yi mini ciwo: na yi makonni ina neman ilimi a wurin baƙin da ban taɓa gani ba, alhali wadda ta fi su sanin rama tana kwance bango ɗaya ne tsakaninmu, ni kuma ina ganinta a matsayin marar lafiya kawai.

To ku fa? Wa ya taɓa gwada shuka kayan gida a ƙasar sanyin nan, me ya yi, me ya ƙi? In kuma akwai wanda ya iya attaruhu a cikin ɗaki, don Allah ya faɗa mini inda nake kuskure. Wadda zan tambaya ba ta nan.