Goggo Dije da Mutumin da Ba a Yi wa Gaisuwa Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Goggo Dije, yayar mahaifina, kuma har yau in na dawo daga makaranta sai na leƙa gindin mangwaron gidanmu a Tudun Fulani, inda take zama tana tsintar wake. Masu karatu, ku yi haƙuri da ni. A gida an san ni da ƙarin gishiri, in na ga ɓera sai in ce akuya na gani, shi ya sa Goggo ta raɗa mini Uwar Zuƙi. Yau dai zan rage, don wannan labarin ba ya bukatar gishiri.

Goggo ta yi aure sau biyu. Mijinta na farko ma'aikacin reluwe ne, aka sallame shi daga aiki bayan biki da kaɗan, bai daɗe ba ya rasu. Na biyu ɗan tireda ne, gobara ta cinye shagonsa, ya sake ta. Daga nan matan unguwa suka yanke hukunci: Dije farar ƙafa gare ta, duk inda ta taka sai arziki ya tattara ya gudu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ita ma ta yarda. Ba wanda ya taɓa korar ta daga ko'ina, ita take korar kanta. In an kai amarya, a ƙofar ɗaki take tsayawa ta miƙa gudummawarta. Ranar da mahaifina ya sayi babur, daga nesa ta yi ta zagaya shi kamar zai cije ta.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, Baba Ndagi, Banufe daga Bida mai sayar da shinkafa a Bosso. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya zo a kekensa, ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya aika a kira ta. Ni na buɗe ido na gan shi a dakalin nan, har na ɗauka tare aka gina su.

"Dije, ni ba na tsoron ƙafa," yake cewa da Hausarsa ta Nufawa. "Ƙafa tafiya yake yi, ba ya cin shinkafa."

"Ndagi, tausayinka nake ji. Ka je ka riƙe abin da Allah ya ba ka."

Ina aji ɗaya na sakandare na tsinci wani tsohon littafin Turanci a akwatin yayana, bangonsa ya cire. Labarin ƙauye ne na zamanin da. An haifi wata yarinya ranar da rijiyar garinsu ta ƙafe, aka ce duk gidan da ta shiga zai bushe, ga kuma wani maƙeri da ya ce shi sai ita. Kullum da la'asar sai in karanta ina fassara wa Goggo. Turancina a lokacin bai cika cokali ba, saboda haka inda na kasa sai in cike da nawa. In littafin ya ce maƙerin ya yi fushi, ni sai in ce ya daki uwar maƙera har ta nutse cikin ƙasa.

Goggo ta shiga labarin nan da ƙafa biyu. Ta zagi dattawan ƙauyen tas. "Ji jahilci! Jaririyar ce ta shanye rijiyar?" Ranar da yarinyar ta ƙi maƙerin don kada ta jawo masa tsiya, sai Goggo ta dangwarar da faifai.

"Kai, wannan yarinya akwai sakarya. Mutum ya ce ya ji ya gani, ina ruwanki?"

Na ce, "Goggo, gobe fa Juma'a."

Ta jefo ni da ludayi. "Tashi ki ba ni wuri, mara kunya!"

Amma washegari ta sa kwalli, ta ɗaura zanenta na salla, ta daɗe a zaure. Kafin wata Juma'ar an kawo goro, an sa rana bayan kaka. Ban taɓa ganinta kamar a makonnin nan ba. Tana daka tana waƙa. Baba Ndagi kuwa ya sa aka yi wa keken fenti kore, yana buga ƙararrawa tun daga bakin titi har kaji suna watsewa.

Sai aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rufin shagonsa ya yi yoyo, buhunan da ke kusurwa suka jiƙe. Duk layin an san rufin nan ya yi shekara da shekaru yana ɗiga. Shi kansa ya faɗa, ya rantse, har kafinta ya ɗauko ya kawo shaida. Ba wadda ta ce wa Goggo uffan, shiru kawai mata suke yi in ta shigo. Ta kira mahaifina ta ce a ba Ndagi haƙuri, ta fasa. Da na ɗauko littafin da la'asar ta ce, "Rufe shi, Uwar Zuƙi. Bar su inda suke." A inda muka tsaya, yarinyar ta riga ta amince, ita da maƙerin suna shirin biki.

Da damina ta zagayo ta kwanta ciwon ciki, ba ta tashi ba.

Ranar zaman makoki an aike ni da ruwa ƙofar gida. Mahaifina da ƙannensa suna kan tabarma ana yi musu gaisuwa. Baba Ndagi ya bi layi, ya miƙa hannu, ya ce ya haƙuri kamar kowane maƙwabci, ya koma can ƙarshen tabarma ya zauna. Shi ba miji ba, ba ɗan'uwa ba, ba suruki ba. Mutanen da ba su san ko wace ce Goggo ba an yi musu sannu da zuwa. Shi ba wanda ya ce masa ya haƙuri.

Bana aka sa mana wannan littafin a aji, da bangonsa sabo ƙal. Malaminmu ya rubuta "camfi" a allo ya ja layi biyu a ƙarƙashi, 'yan ajinmu suna dariyar mutanen da. Ni ban yi ba, don na san camfin bai tsaya a ƙauyen littafi ba, a tsakar gidanmu ya ci tuwo. Na kuma ga ƙarshen labarin: maciji ya sari maƙerin bayan biki. Da Goggo ta ji, na san abin da za ta ce: "Kin gani ko?" Ni kuma sai in ja hannunta zuwa Bosso, ta ga 'yan matan jami'a suna shiga kowane shago ba mai duba ƙafarsu. In nuna mata rufin Baba Ndagi, wanda ya sake yoyo bara, ita tana kabari. Wannan karon cewa aka yi kwano ne ya tsufa.

Me ya rage na Goggo? Tandarta ta masa tana hannun mahaifiyata. Matan da suke shiru in ta shigo yanzu su ne masu cewa Dije ba ta da abokin faɗa. Sai kuma Baba Ndagi, da har yau yake zuwa duk Juma'a ya zauna a dakali, ya gaisa da mahaifina, ba wanda zai aika a kira.

Juma'ar da ta wuce na kai masa ruwa, na durƙusa.

"Baba Ndagi, ya haƙuri?"

Ya dube ni a firgice. "Wa ya rasu, 'yata?"

"Goggo."

Ya riƙe kofin da hannu biyu. Na fara tsoron bakina ya sake jawo mini.

"Da godiya," ya ce. "Da godiya. Allah ya yi miki albarka."

Allah ya jiƙan Goggo Dije, ya buɗe mata ƙofar da ba za ta tsaya a bakinta ba.