Sakin da Inna Kande Ta Nema

Har gobe ba zan manta da ranar da Alƙali ya hana ni shigar da ƙarar Inna Kande ba. A lokacin ina muhuti a Gozaki. Ga waɗanda ba su san aikin ba, muhuti shi ne mai zama kusa da alƙali, ya saurari masu ƙara kafin su shiga, ya duba littafi idan an bukata, ya je inda aka aike shi. Na riƙe wannan matsayi har gemuna ya yi fari, kuma ba a taɓa warware maganar da na ƙulla ba.

Da kaka ne, auduga ta fashe, gonaki sun yi fari fat sai ka ce gajimare ya sauko ya kwanta. Tsohuwar ta durƙusa a zaure, ta ce saki take nema daga mijinta, Baba Barau, manomin da suka tsufa tare. Na tambaye ta ko duka ne, ko yunwa, ko zagi. Ta ce, "Ko harara bai taɓa yi mini ba."

Da na kai maganar ciki, Alƙali ya ce, "Muhuti, a nan abu ɗaya nake tambaya: wace cuta aka yi? In ta shigo, ko dai ta yi wa mijinta ƙarya, ko in kore ta. Nemi mutum ɗaya daga danginta, ɗaya daga nasa, ku zauna a waje."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, an gama."

Ƙa'idar sulhu ita ce ba a haɗa miji da mata da farko; kowa sai an ji shi shi kaɗai. Na sami Inna Kande a tsakar gida tana kaɗi, ƙanenta Malam Sule na Bakori yana zaune gefe. Ashe shi yana shirin bin ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, ita kuma da shi take son tafiya. Tana magana, mazari na juyawa, idonta na can gabas.

"Tun ina yarinya nake mafarkin wata hanya mai farin yashi, ina tafe ba na gajiya. Amma Malam, tafiyar shekaru ce, wasu ba su dawowa. Wa zai dama masa fura? Wa zai gasa masa gwiwa in ta motsa? In na tafi da igiyarsa a kaina, duk ranar da ya wuni da yunwa ni za a tambaya. Ya sake ni, in tafi ba nauyi."

Baba Barau kuwa a gona na same shi, ƙarƙashin ɗorawa, tare da ƙanensa Tanko. Na ce, "Baba, hana ta tafiya kake yi?"

"Ni? Jakin ma ni na saya mata. Ta tafi. Amma saki, a'a."

Ya dubi audugarsa, ya ci gaba. "Na ji malamai na cewa mace a Aljanna tana tare da mijin da ta rasu a hannunsa. Ni da ita ba za mu sake haɗuwa a nan ba, na sani. In na sake ta, can ma na rasa ta ke nan."

Tanko ya ce, "To Yaya, wa ya gaya maka kana cikin masu shiga?"

"Ai shi ya sa nake riƙe da ita, sakarai. Ko ta ja ni."

Washegari na tara su huɗun a gindin ɗorawar nan. Na bayyana musu cewa haƙƙin miji nasa ne, kuma mai haƙƙi yana da ikon yafe shi a gaban shaidu. Baba Barau ya gyara zama, ya fuskanci matarsa.

"Na yafe miki girki, na yafe miki jinya. Na yafe na baya, na yafe na gaba. Ki tafi kina matata."

Ta ce, "Furar fa?"

"Matar Tanko ta dama, ko da gudaji na sha."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ban san ko dariya take yi ko kuka ba. Daga cikin mayafin ta ce ta janye maganar saki.

Ayari ya tashi kafin a gama cirar auduga. Har na bar aiki ba ta dawo ba, kuma Baba Barau ya rasu yana mijinta.

Ku da kuka gaje mu, ku riƙe wannan. A gaban alƙali ana tambayar mutum abin da aka yi masa. A gindin itace kuwa ana iya tambayarsa abin da yake tsoro. Da ƙarar nan ta shiga ciki, da mun yi hukunci daidai da littafi, mun sallami tsofaffi biyu ba tare da ɗayansu ya taɓa jin abin da ke zuciyar ɗan'uwansa ba.