Hujjar da Ta Cinye Shinkafar Kawuna

Kafin bakina ya kai ni gidan yari, ni ɗan manoma ne kamar kowa. A Dagona na tashi, a hannun kawuna, wanda gonar shinkafarsa ta fadama ita ke ci da gidan duka. Noma bai karɓe ni ba, amma Allah Ya hore mini baki. Kawu kan ce da surutu na nome gona, da tuni an naɗa ni sarkin noma.

Na koma Nguru ina tallar maganin ɓera. Ran nan kaya ya yi kaɗan, na ƙara toka, kuma ba wanda ya dawo da ƙorafi. Tun ina ƙarawa da tsoro har tokar ta fi maganin yawa. A nan na gane mutane ba magani suke saya ba, hujja suke saya.

Sai na tuna da jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka a gonar shinkafa kamar hadari su bar wa mutum kara. Na san halinsu tun ina gida: in suka fara sauya makwanci a ciyawar bakin ruwa, kwana biyu uku za su yi gaba. Na haɗa toka da garin barkono da shuni, na ƙulla a leda. Na yi ta fakonsu, ranar da na ga alamar tashi na je gonaki uku kusa da Gashuwa na barbaɗa kyauta. Kwana biyu aka nemi tsuntsu aka rasa.

Ranar kasuwa na hau benci, manoman nan uku a gefena. Wallahi har yau in na tuna daɗin ranar sai na ji kunyar kaina. Na ce magani ne daga ƙasar waje. Na ce, "An barbaɗa, sun tashi. Me ya kore su?" Jama'a suka ce maganin. Ba wanda ya tambaya ko dama tafiyarsu za su yi. Na nuna shaiduna na ce abin da ya yi a gona uku zai yi a kowace gona. Na ce, "Hayaƙi na korar sauro, ko ba haka ba? Sauro mai fiffike, jan-baki mai fiffike." Sannan na kawo babbar: duk mai numfashi yana gudun yaji, tsuntsu yana numfashi, saboda haka tsuntsu yana gudun yaji. Magana ta zauna daram, sai dai tubalin farko ƙarya ne. Har da manoman barkono fa a gabana, kullum suna ganin tsuntsu na tsattsagar barkononsu, amma suka yi ta gyaɗa kai.

Na kuma bar wa kaina ƙofar gudu. Na ce ƙarar gwangwanin korar tsuntsu tana karya maganin, duk wanda bai ga aiki ba ya binciki gonarsa. Kafin la'asar babu ƙulli ko ɗaya, 'yan sari ma sun kwasa sun shiga ƙauyuka.

Bayan mako biyu na je gida gaisuwa. Shinkafar Kawu ta fitar da kai gwanin sha'awa, amma babu igiya, babu gwangwanayen da ake kaɗawa a kori tsuntsu. Sai shuɗin gari a kan kunyoyi. Nan take na gane haɗina.

Na ce, "Kawu, wannan toka ce. Ni na haɗa ta da hannuna."

Ya yi dariya ya ce, "Kai da ko kunu ba ka iya damawa? Ɗan nan, mutum uku suka shaida, ɗaya ma na san ubansa."

Na ce tsuntsayen dama tashi za su yi. Ya ce, "To me ya sa ba su tashi ba sai da aka barbaɗa?" Ya kawo mini sauro, ya kawo mai numfashi da yaji, tiryan-tiryan yadda na tsara su. Na ɗauko igiya zan mayar, ya riƙe hannuna ya ce kada in karya masa magani. Na rantse, na yi kuka, amma ƙaryata ta fi gaskiyata iya magana.

Washegari da hantsi jan-baki suka sauka. Na yi ta gudu a cikin taɓo ina kaɗa riga, Kawu na tsaye yana jiran magani ya fara aiki. Kafin kwana uku noman shekara ya zama ƙaiƙayi.

Manoma suka kai ƙara, aka kama ni a tashar Gashuwa, na amsa laifina a gaban alƙali. A gidan yari wani malami da ke zuwa mana wa'azi ya ji labarina, ya ce, "Wannan ilimi ne, manɗiƙi sunansa, ilimin auna hujja. Don kama ƙarya aka yi shi, kai kuma ka yi mata ado da shi." Na tuba, kuma ina roƙon Allah Ya karɓa.

Ku matasa, kada ku bi hanyata, kada kuma ku faɗa hannun irina. In an ce wannan ne ya jawo wancan, ku tambaya ko dama zai faru. In an jera muku shaidu, ku nemi waɗanda aka bari a gida. Kama da wane ba ta wane. Wanda kuwa ya ce in abinsa bai yi ba laifinku ne, ku kama gabanku.

Da na fito, wurin Kawu na fara zuwa. Ya rame, don shekarar nan a gonakin mutane ya yi ƙodago ya ci da iyali. Ya ce ya yafe. Amma yau ko cewa na yi hadari ya taso, sai ya fita tsakar gida ya dubi sama da kansa. Abin yana yi mini ciwo, kuma daidai yake yi. Ku ma ku fita ku duba.