Sitiyarin Ari Dogo

Jama'a, wannan da zan gaya muku ba a bakin wani na ji shi ba, wallahi ni ya faru da ni, a Gure, zamanin Nasara, 'yan shekaru kafin babban yaƙin nan na biyu. Lokacin mota ɗaya tak ke garin, ta kumandan, Baturen da ke mulkin garin, wata tsohuwar baƙa mai rufin tamfol da sai an murɗa mata ƙarfe a hanci take tashi. Direbanta Ari Dogo ya rasu da damina, aka aika Damagaram neman wani, aka turo ni, ina ta hura hanci har na yi wa matata Hajara alkawarin ta gama surfe a gidan mutane.

To ni ga ni nan kamar turmi, Allah bai ba ni tsawo ba, shi kuwa marigayin an ce sai ya sunkuya yake shiga zaure. Da na zauna a kujerarsa sai sitiyari ya tsaya mini a haɓa, ta tsakaninsa nake leƙen hanya, ƙafata kuma da ƙyar take taɓo birki. Ranar farko na kwashe dangar gidan gardi, dogarin kumandan, har da akurkin kaji. Kumandan ya yi jawur, ya ce ta bakin tafinta ranar Alhamis za mu Kelle, in na sake taɓa ko kara in koma inda na fito.

Na ce abu mai sauƙi. Sandar sitiyarin bututu ce, wani maƙalin ƙarfe mai noti biyu ke riƙe da ita ƙarƙashin allon gaba. Na kwance notin, na tsinke wata waya da aka nannaɗe a wurin, na sauke sandar daidai ƙirjina, na ɗaure tamau. Na kulle garaji, na rataya mabuɗi a wuya, na tafi sallar azahar ina fito.

Ina dawowa, me zan gani? Sitiyari ya koma sama abinsa! Noti a ɗaure, ga sabuwar waya an nannaɗe, kuma murɗin hagu ne, irin na bahago. Na ce lalle gardin nan ke rama kajinsa. Kashegari na sake saukewa, na share ƙasan garajin na yayyafa toka, na zauna a bakin ƙofa da rana tsaka, ko ruwa ban tashi sha ba. Da la'asar na buɗe. Toka lumui, ko sawun ƙadangare babu, sitiyari kuwa yana sama, ga warin taba gari da kanwa ya cika motar, ni kuma ban taɓa sa taba a bakina ba. Na tsorata, amma tsoron komawa Damagaram da kunya ya fi ƙarfin wannan.

Ranar Laraba na sauke shi karo na uku, na tuƙa motar zuwa maƙerar Baba Bukar, na ce ya buga mini ƙusa ya ɗame maƙalin yadda ko aljani ba zai motsa shi ba. Tsohon ya leƙa ƙasan allo ya daɗe, sannan ya ɗago.

“Yaro, wa ya ce ka sauke wannan?”

Na ce, “Baba, tsawona ya ce.”

Bai yi dariya ba. Ya kama yatsana ya ɗora a kan bututun, sai na ji tsaga siririya ta kusa zagaye shi. Ya ce tun bara ta tsage a hanyar Alakos, an rubuta a aiko da sabuwa shiru, shi ne Ari ya ɗaga sandar don maƙalin ya hau kan tsagar ya matse ta, ya ƙara da waya. “Ka sauke, ka bar ta tsirara. Duwatsun hanyar Kelle za su ƙarasa ta, sitiyari ya zo maka a hannu kuna gangara.”

Na tambaye shi ko Ari bahago ne. Ya ce duk Gure an sani, har da tabarsa mai kanwa. Sai ya dube ni ya ce, “Ka gaji kujerar mutum, ka je ka yi wa iyalinsa gaisuwa kuwa?”

Kunya ta rufe ni. Na mayar da sandar inda na same ta da hannuna, na kai motar garaji na kulle, na sayi goro na nufi gidan. Matarsa Ya Falmata ta karɓe ni da kirki, ta dube ni sama da ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba, ta yi murmushi ta ce Ari bai taɓa iya ganin aiki a karkace ya wuce ba. Muka yi masa addu'a. Hajara kuwa ta ɗinka mini ƙaton matashi na fata ta cusa masa kaba, tana yi tana dariya har da hawaye.

Alhamis da hantsi na buɗe garaji rungume da matashina, ina tunanin yadda zan yi da birki, don in na hau matashi ƙafata sai lilo. Na ɗora, na hau, na miƙa ƙafa, sai na ji ta taka abu daram. Na leƙa. An ɗaura guntun icen aduwa a kan kowane abin takawa, an sassaƙe shi sumul, an ɗaure da waya, murɗin hagu.

Muka je Kelle muka dawo lafiya, kumandan har da buga mini kafaɗa, na shekara tara a kujerar nan ana kirana Mai Matashi. Na tambayi Baba Bukar, ya rantse ba shi ba ne, mabuɗi kuwa bai bar wuyana ba.

Don haka in kun gaji aikin wani kuka tarar da abu a karkace, ku tambayi dalili kafin ku sa hannu, ku kuma je ku gai da mutanensa. Ni dai har yau abin da ke tayar mini da tsigar jiki shi ne, itacen nan ya yi daidai da ƙafata cif, ko yatsa ɗaya bai ƙaru ba, kuma ban san lokacin da aka auna ni ba.