Fim ɗin Kawu Asumana da Aka Sa a Ƙarshe

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kawuna, wanda duk Adar ta sani da Asumana Mai Silima. Ranar Juma'ar da ta wuce aka shirya tunawa da shi a filin bayan kasuwar Tawa, inda ya saba nuna finafinansa. Da na isa, abin da na fara lura da shi shi ne babu turmi. Farin ƙyalle yana nan ɗaure tsakanin itace biyu, injin silima yana kan tebur, gwangwanayen fim shida an jera su a gefe. Amma dama da injin, inda Kawu ke kifa tsohon turmin Innata ya hau, ƙasa ce kawai.

Ni 'yar yayarsa ce, ina aji uku a kolej. Waɗanda suka san ni za su yi mamakin ganin rubutuna a jarida, don ko a aji in mushe, wato malaminmu, ya kira sunana, muryata ba ta kai wa allo. Wannan kunyar ce ta sa tun ina ƙarama ba na shiga cikin taro in ana silima. Gindin turmin nake zama, kusa da ƙafar Kawu, inda babu mai kallona. Daga nan na ga finafinansa sau da yawan da ban iya ƙirgawa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, sai na bayyana abu ɗaya. Kyamarar Kawu ba ta ɗaukar murya. Tun zamanin Nasara shi ke tuƙa motar da ke yawo da silima ƙauye-ƙauye, kuma da aka samu 'yancin kai wani bature da zai koma gida ya bar masa kyamarar. Murɗa ta ake yi kamar agogo, kuma kafin ka karanta Fatiha sau biyu ta tsaya. To da yake hotunan bebaye ne, shi ne bakinsu. Gajere ne, shi ya sa yake hawa turmi. Shi ne ɗan kokowa, shi ne makaɗi, shi ne tsohuwa, shi ne jaki. Inna takan ce, "Asumana, turmi ba kujerar sarki ba ne." Shi kuma ya ce, "Yaya, ai wanga ya tsage, ya gama aikin hatsi. Bari shi ci fansho wurina."

Baƙi biyu ne suka zo daga Yamai don wannan taro, wani bature mai gilashi da wani saurayi ɗan ƙasa da ya yi karatu a waje. Mutanen kirki ne, kuma na ga yadda suke ɗaukar gwangwanayen da hannu biyu. Sun ce zafi ya fara cin finafinan, kuma gaskiya ne, don in ka buɗe gwangwani wani warin tsami ke tashi wanda babu shi a da. Za su tafi da su Yamai a sake buga su, amma uku kawai za a iya yi wa haka. Saboda haka suka jera su daga na ɗaya zuwa na shida, saurayin ya karanta mana.

Na kokowar Kalfu suka sa a gaba. Ba zan yi musu sosai ba, ko da yake a wurina na uku ne. Kawu bai tsaya nesa kamar masu ɗaukar hoto ba. Cikin da'ira ya durƙusa, har yashi ya fallatsa a gilashin kyamarar, kuma tabon yana nan a fim ɗin. Amma abin da baƙin ba su sani ba, daɗin wannan fim rabinsa a bakin Kawu yake. In ƙaton cikin 'yan kokowar ya faɗi, sai ya maƙale murya ya ce, "Wayyo, ku ce ma Inna ta ɗumama tuwon jiya, na yau ba ni da haƙoran cin shi!" A Kalfu kuwa ba ya faɗin haka, don dangin mutumin suna zaune. A can cewa yake yi santsi ne ya kwashe shi. Fim ɗaya ne, amma kowane gari da irin nasa.

Na bikin ɗaga tuta suka sa na biyu. Allah ya ba su haƙuri, ni a ƙarshe na sa shi. Ina son tutarmu, amma fim ɗin manya ne zaune a kan kujeru suna fifita. Kawu da kansa in ya zo kansa yakan rage murya ya ce mani, "Ɗiyata, wanga an ce in yi ne, na yi." Wuri ɗaya kawai nake jira a cikinsa, inda wata akuya ta ratsa gaban masu fareti, ba wanda ya iya korar ta don an ce kowa ya ƙame. Akwai kuma na allurar rigakafi da na kasuwar dabbobi, waɗanda ni da baƙin duk muka bar su a tsakiya, kuma nan ne wurinsu.

Na rijiyar Takanamat shi ne nasu na uku, ni kuwa na biyu. Babu komai a ciki sai sa yana jan guga. Sa ya bar bakin rijiya, igiya tana bin sa, yana tafiya, yana ƙanƙancewa, har ya koma kamar ƙuda a jikin ƙyallen, sannan guga ya leƙo. Ba a nuna cikin rijiyar ba ko sau ɗaya, amma babu wanda zai gani bai ji zurfinta a ƙirjinsa ba. Kwana uku Kawu ya yi a wurin bai taɓa kyamara ba, yana ƙirga takun san, don ya tabbata murɗi ɗaya zai kai shi har fitowar guga. Makiyayan suka ɗauka mai duba ne. In yana nuna wannan fim ba ya cewa uffan sai guga ya fito, sannan ya saki numfashi da ƙarfi, taro duka ya saki tare da shi.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Tawa ta yau. Yanzu akwai gidan silima mai katanga, ana kawo finafinan Indiya da na kaboyi masu magana da kansu, samari suna fitowa suna tafiya da ƙafa a buɗe kamar sun sauko daga doki. Ba na jin zai yi fushi. Ina jin zai shiga, ya juya wa ƙyallen baya, ya kalli fuskokin mutane, don haka yake yi ko a nasa. Abin da zai dame shi, ina tsammani, shi ne fim ɗin ba ya sanin wa ke zaune a gabansa. Ko an yi rasuwa a gari, ko an yi ruwa, magana ɗaya yake yi.

Saura na shida, wanda ni na sa a gaba. Saurayin ya ce a takardarsu sun rubuta cewa gwaji ne da bai yi kyau ba. Babu fuska ko ɗaya a ciki, in ji shi, kamar kyamarar ta suɓuce ta kalli ƙasa. Ban ga laifinsu ba. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma an ce in ba ka san gari ba, saurari daka. Su kuwa ba su samu abin saurare ba.

Ga abin da ke cikinsa. Ƙofar gida da safe. Ƙafafun namiji cikin takalmin fata suna fita, suna barin sawu a yashi. Can gefe ƙafar babbar mota. Sai ƙasa kawai, na ɗan lokaci. Sai hannun mace ya shigo, da munduwa ɗaya, ya ɗebi ƙasar sawun dama, ya zuba a ƙyalle, ya ƙulle. Shi ke nan.

Duk ɗan Adar ya san wannan. In kaka ta wuce maza suka tashi zuwa Kurmi, can ƙasashen kudu, neman abin rufin asiri, mace ba ta rakiya, ba ta kuka a gaban mutane, ba ta ko kallon bayan mijinta. Sai ya ɓace take fitowa ta ɗebi sawunsa ta ajiye, don ƙasar gida ta riƙa kiransa. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Kawu ya san matan garinmu ba su ba da fuska, shi ya sa ya tambayi hannu. Kyamarar ba suɓucewa ta yi ba.

A nan ne yake sauke murya ƙasa-ƙasa, ya yi maganar da matar ba za ta taɓa yi ba. Yakan fara da, "Tahi, ban hana ka ba. Ni na san abin da ya rage cikin rumbu." Sauran ba zan rubuta a nan ba. In ya kai tsakiya za ka ga mata suna jan mayafi suna rufe baki, mazan da suka taɓa tafiya kuma suna kallon ƙasa. Ban taɓa jin an tafa wa wannan fim ba. Mutane tashi kawai suke yi a hankali, kamar an fito daga gaisuwa.

Hannun na Innata ne, sawun kuma na mahaifina. Ina da shekara takwas a lokacin. Wasiƙa biyu ta zo daga Abijan, daga nan shiru har yau. Inna ba ta san ƙanenta yana laɓe bayan darni da kyamara ba, kuma da ta ji labari ta same shi yana karin kumallo.

"Asumana, ka kai ni kasuwa."

"Yaya, hannu ɗai na kai. Wa ya san hannunki?"

"Duk wadda munka taɓa daka tare."

Ba ta taɓa zuwa ta gani ba. Amma filin ba shi da nisa da gidanmu, muryar Kawu kuma tana tsallake katanga. Na lura duk ranar da ya nuna shi, washegari ba ta yi masa magana, sai dai furarsa ta fi ta kowa nono.

Ranar Juma'a da aka sa finafinan, garmaho aka kunna a madadinsa. Ɗan kokowa ya faɗi, ba wanda ya yi dariya. Da aka zo na shida yara suka fara ihu a ɗaga kyamara, wani tsoho a bayana ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, "Wagga ba silimar Asumana ba ta. Gawatta ta." Na koma gida maganar tana cina.

A nan ne na auna abin da ya rage na Kawu. Sunansa yana nan, an faɗe shi a rediyo. Hotunansa uku za su rayu a Yamai. Amma shi kansa ba a cikin gwangwani yake ba. Yana cikin sanin abin da za a faɗa a Kalfu da abin da za a bari, da haƙurin ƙirga takun sa kwana uku, da tausayin da ya sa ya ara wa yayarsa baki ba tare da ya nuna fuskarta ba. Wannan kuwa ba a rubuta shi ko'ina ba. Iyakar sanina, kunne ɗaya ne ya kwashe shi duka, na yarinyar da ke zama gindin turmi.

Washegari na yage takarda daga littafina, na rubuta ma'anar fim ɗin, na kai wa saurayin a masaukinsu. Na miƙa masa. Ya karanta sau biyu, ya fassara wa baturen, suka dubi juna.

"Ƙanwata, in haka ne mun yi kuskure," in ji shi. "Amma takarda ba ta isa a canza jeri ba. Ranar kasuwar Barmu za mu nuna su karo na ƙarshe kafin mu wuce. In mun ga abin da kika faɗa a fuskar mutane, zai shiga cikin ukun. Wa zai yi maganar?"

Na dubi takalmansa, na yi sallama.

Maganar ba tawa ba ce, kuma ba ta Kawu ba ce ma, aro ya yi. Don haka jiya da la'asar na sami Inna tana bakace a tsakar gida, na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ke? Ke da in anka yi sallama kike ɓuya bayan rumbu?"

"Ni, Inna."

"Barmu fa garin dangin ubanki ne."

"Na sani."

Faifan ya tsaya a hannunta. Ta dubi ƙofar ɗakinta, inda na san ƙullin ƙasar sawun yake a ƙasan adudu shekara takwas, sannan ta dubi bayan rumbu, inda tsohon turmin yake kwance kaji suna ƙwai a ciki.

"Kin riƙe maganar duka?"

"Har inda yake tsayawa ya yi tari."

Ta ci gaba da bakace a hankali. Na jira har ƙaiƙayin ya kwanta, sannan na ce, "Inna, ba zan ambaci sunan kowa ba. Ki ara mani turmin ranar kasuwar Barmu."